In babu na'urar da ta taɓa kama Delta, da me aka san tana nan?

Sani_Aliero
Assalamu alaikum malamaina. Wani abu ya shige min duhu. An ce furoton da nutron suna da zaburarrun yanayi kamar yadda atom ɗin haidurojin yake da su, kuma ana gano su ta hanyar harba musu ilektiron. Amma an ce na farkonsu, Delta, wadda ake rubutawa Δ(1232) (lambar nauyinta ce a MeV), rayuwarta ba ta kai 10⁻²³ na daƙiƙa ba. Ko da gudun haske take tafiya, ba za ta kai femtomita 2 (femtomita 10⁻¹⁵ na mita ce) ba ta mutu. To wace na'ura ce ta gan ta? Na biyu, nutron ba shi da caji, me ilektiron zai kama a jikinsa? Ni dai gani nake kamar tozo aka gani a kan giraf aka raɗa masa suna.

MalamBello_Gwandu
Wa'alaikumus salam Sani. Babu na'urar da ta ga Delta, kuma babu wanda ya ce ya gan ta. Ilektiron ɗin da ya fito ake aunawa. Abu uku kake buƙata: makamashin da ya shiga da shi, E, wanda ya fita da shi, E', da kusurwar da ya bauɗe, θ. Daga nan:

Q² = 4EE' sin²(θ/2)
W² = M² + 2M(E − E') − Q²

Q² ma'aunin ƙarfin bugun da ilektiron ya miƙa wa furoton ne. M nauyin furoton ne, GeV 0.938 (GeV ma'aunin makamashi da nauyi ne, MeV dubu, eV biliyan ɗaya). W kuma shi ne nauyin duk abin da furoton ya koma bayan an buge shi, ko ka gan shi ko ba ka gan shi ba.

Ɗauki biro ka gwada. Sa E ya zama GeV 2, ka kafa na'urarka a digiri 20. In furoton bai zabura ba, ya tsaya furoton, W daidai yake da M, ilektiron zai fito da GeV 1.772. Ka ci gaba da ƙirga ilektiron masu ƙarancin makamashi: a 1.47 za ka ga sun taru sun yi tozo babba, in ka mayar da shi W ka sami 1.232. Wani tozon a kusan 1.10, wato W na 1.52, wani kuma a kusan 0.86, wato W na 1.68. Yanzu canza E, canza kusurwa. Wurin tozon a kan E' zai gusa, amma a kan W ba ya motsi. Abin da ke zaune a nauyi guda ko ta ina ka bugo shi, wannan sifar furoton ce, ba ta na'urarka ba.

Hauwa_Zuru
Ƙari a kan bayanin Malam Bello. Tsakanin 1.772 da kusan 1.64 fili ne, babu abin da ya kamata ya fito. Dalili, abu mafi sauƙi da furoton zai iya haifarwa shi ne wata ƙwaya da ake kira fayon (π), marar caji, mai nauyin MeV 135. In W bai kai 938 da 135, wato 1073 ba, babu ƙofar fita. Wannan gibin shi ne kwatankwacin gwajin Franck da Hertz na 1914, inda ilektiron ba ya asarar komai a tururin makuri sai ya kai eV 4.9. Bambancin a girma yake. Haidurojin eV 10.2 ke ɗaga shi mataki na farko, ƙwayar kabon-12 MeV 4.4, furoton kuwa sai MeV 294, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa duka. Shi ya sa maimakon ya huce ta hanyar fitar da haske, kusan kullum fayon yake tofarwa.

DanKabi_Argungu
Sani, in za ka sayi tukunyar ƙasa kasuwa, mi kake yi? Ƙwanƙwasa ta kake, ka saurara. Ba ka shiga cikin yumɓun ba, amma amon ya hwaɗa maka ko ta tsage. Mai lahiya amonta ya daɗe kuma ka san muryarta. Mai tsagewa "ƙwaf" ɗaya ta yi shiru, ba ka iya cewa ga muryar da ta yi. Haka abin yake. Gajeren rai shi ka kawo faɗin tozo: τ = ħ/Γ, τ tsawon rai, Γ faɗin tozo. Faɗin Delta kusan MeV 117, ħ kuma 6.58 × 10⁻²² MeV·s, ka raba ka sami 5.6 × 10⁻²⁴ na daƙiƙa. Wato rayuwar da kake tambaya ba da agogo aka auna ta ba, da faɗin tozon aka auna ta.

Fatima_Kamba
Misalin tukunya ya yi, Baba DanKabi, amma yana da iyaka. Tukunya in ta yi amo tana nan tukunya da yumɓunta. Furoton in ya zabura sababbin ƙwayoyi ake ƙirƙira daga makamashin bugun. Kada ɗalibi ya tafi da tunanin cewa fayon ɗin yana ajiye a ciki kamar ƙwallo a aljihu.

Sani_Aliero
Na gode. Na yi lissafin Malam Bello, ya fito daidai. Amma har yanzu tozo ne kawai. Me ya hana a ce wani abu daban ne ya tara su a wurin?

DaktaU_Jega
Wannan shakkar taka tana kan hanya, kada ka sake ta. Ba kowane tozo ne rezonans ba, wato zaburarren yanayi na gaske, kuma ba kowane rezonans ne yake yin tozo ba. Misali, a W na MeV 1486 ƙofar haifar da eta, wata ƙwaya da ta fi fayon nauyi, take buɗewa, 938 da 548, kuma buɗewar sabuwar ƙofa kaɗai tana iya sa layin giraf ya yi gwiwa ba tare da wata sabuwar ƙwaya ba.

Saboda haka auna ilektiron shi kaɗai matakin farko ne. Mataki na biyu a kama abin da ya fito tare da shi a lokaci guda. A kama ilektiron da furoton, a lissafa nauyin abin da ya ɓace: in ya fito 0.135 fayon marar caji ne, in 0.548 eta ne. Ko a kama ilektiron da fayon mai caji, abin da ya ɓace ya fito 0.940, nutron ke nan. Da zarar ka san hanyar da ya rushe, hujjoji uku suna hannunka.

Ta farko kusurwa. A tsakiyar tozon Delta, in ka koma ma'aunin da cibiyar nauyi take tsaye, fayon marar caji ba ya watsuwa daidai ko'ina, yana bin kusan 5 − 3cos²θ. Wannan sifar ta abu mai sifin (juyin cikin ƙwaya) 3/2 ce da aka tayar ta hanyar maganaɗisu. Ta biyu rabo. Δ⁺ tana rushewa zuwa furoton da π⁰ sau biyu cikin uku, zuwa nutron da π⁺ sau ɗaya. Dangin N kuwa, wato zaburarrun yanayin da ake rubutawa da N, masu aisosifin 1/2 (yanayin caji biyu gare su kamar furoton da nutron), akasin haka suke yi. Da ƙirga kawai za ka raba su. Ta uku, wadda ta fi ƙarfi, ita ce fes, wato gocewar da karo yake yi wa zagayen igiya: in ka ware igiyar da ke ɗauke da waɗannan lambobi, fes ɗinta yana hawa ya ratsa digiri 90 daidai a 1232. Gwiwar ƙofa ba ta yin haka. Sannan ga Delta ɗin nan dai tana fitowa da nauyi ɗaya da faɗi ɗaya ko da fayon ka buga, ko foton (ƙwayar haske), ko ilektiron, ko nutrino.

Abba_Koko
Allah ya ƙara ilimi Dakta. To tozo na biyu shi ne zaburarren yanayin da ake kira Roper ke nan, N(1440)?

Hauwa_Zuru
A'a Abba, nan ne ake yawan zamewa. Tozo na biyu mafi yawansa N(1520) ne da N(1535) a goye da juna, ɗaya sifin 3/2, ɗaya 1/2, duka masu fariti korau (igiyarsu tana canza alama in an juya ta kamar a madubi). Roper ba ya yin tozon kansa a wannan giraf. Faɗinsa ya kai kusan MeV 350, ya baje a ƙarƙashin wutsiyar Delta da gindin tozo na biyu. A lissafin Malam Bello zai faɗo a E' na kusan 1.21, ka duba wurin ba za ka ga komai a tsaye ba. David Roper ma ba da ido ya gano shi ba, ta hanyar rarrabe igiyoyin karon fayon da furoton ne, aka wallafa a 1964. Tozo na uku kuma taron dangi ne, N(1680) ya fi fitowa amma akwai wasu da dama tare da shi.

Nasiru_Yauri
Bari in kawo abin da ke lalata aikin a aikace, domin filin da Malama Hauwa ta ce "babu abin da ya kamata ya fito" a ɗanyen bayani ba fili ba ne.

Babbar matsala wutsiyar haske. Ilektiron ba shi da nauyi sosai, MeV 0.511, don haka yana saurin zubar da foton kafin karo ko bayansa. Wanda ya yi karon da furoton bai zabura ba, amma ya zubar da MeV 300 a hanya, zai sauka daidai inda kake jiran Delta. Wanda ya fi muni shi ne mai zubarwa kafin karo, domin E ɗinsa na gaskiya ya ragu, Q² ya ragu, yiwuwar karon kuma ta haura sosai, sai wutsiyar ta sake ɗagowa a ƙananan E'. Tsarin gyaran da Mo da Tsai suka fitar a 1969 har yau ana gina aiki a kansa. Sai an fara cire wutsiyar karon da furoton bai zabura ba, sannan a warware ta kowane tozo a kan na bayansa.

Sai abin harin kansa. Ruwan haidurojin ne a sanyin kusan kelbin 20, nauyinsa giram 0.07 a kowace santimita kubik, a cikin kwalba mai siraran tagogi. Ilektiron yana bugun tagogin ma, don haka dole a zubar da ruwan a sake harbi a kan kwalba wofi a cire abin da ta bayar. In hasken harbin ya yi ƙarfi, ruwan yana ɗan tafasa a kan hanyarsa, kaurinsa ya ragu, ƙirgarka ta yi ƙasa. Maganinsa a riƙa yawo da hasken a kan ɗan fili maimakon ya tsaya wuri guda, a kuma auna a ƙarfi daban-daban a ga yadda ƙirgar take sauka.

Fayon mai caji korau yana lanƙwasa a maganaɗisu kamar ilektiron. Ana raba su da na'urar Cherenkov mai iskar gas, wadda ilektiron ke haskawa fayon mai gudu kaɗan ba ya haskawa, da kalorimita, inda ilektiron ke zubar da duk makamashinsa fayon kuwa kaɗan.

Kafin komai kuma, a duba kan tozon karon da furoton bai zabura ba. In bai zauna a 0.938 ba akwai kuskure a E, ko a kusurwa, ko a taswirar maganaɗisu. A misalin Malam Bello, kuskuren digiri 1 kacal yana gusar da E' da kusan MeV 20.

MalamaRabi_BK
An bar tambayar Sani ta biyu. Nutron jimillar cajinsa ce sifiri, ba cikinsa ba. Kwak uku, ƙananan ƙwayoyin da aka gina shi da su, suke ciki: na sama ɗaya mai +2/3, na ƙasa biyu masu −1/3 kowanne. Foton ɗin da ilektiron ya aika, in tsawon igiyarsa ya gajarta, ɗaiɗaikunsu yake gani. Kuma nutron maganaɗisu ne, −1.91 a ma'aunin da furoton yake +2.79. Tayar da Delta kuwa juya sifin kwak ɗaya ne ta hanyar maganaɗisu, don haka nutron yana zama Δ⁰ da ƙarfi ɗaya da yadda furoton yake zama Δ⁺.

Wahalar ba caji ba ce, abin hari ne. Sakakken nutron cikin kusan minti 15 yake rushewa, ba a cika kwalba da shi. Sai a yi amfani da ditiriyom, furoton ɗaya nutron ɗaya da ɗaurin MeV 2.2 kawai. Amma nutron ɗin ciki ba a tsaye yake ba, kuma lissafin W da aka kawo a sama ya ɗauka abin hari a tsaye yake. Sakamakon haka tozon yana dushewa, na biyu da na uku su kusa narkewa. Ga kuma fayon da ya fito yana iya bugun furoton ɗin da ke gefe kafin ya fita.

Dabarar da gwajin BONuS ya yi a Jefferson Lab ita ce a kama furoton ɗan kallo, wato furoton ɗin ditiriyom da karon bai taɓa ba. In ya fito a hankali, ƙasa da kusan MeV/c 100, kuma ta baya, to ba shi aka buga ba, kuma gudunsa ya gaya maka gudun da nutron yake yi lokacin karo. Sai ka gyara W ɗaya bayan ɗaya, tozon ya dawo. Irin wannan furoton makamashinsa bai wuce kusan MeV 5 ba, ba zai iya ratso ruwa ba, shi ya sa gas suka sa a cikin siririn bututu, na'urar kuma ta kewaye shi kurkusa. In sifin nutron ake so, hiliyom-3 ake ɗauka, domin furoton biyun da ke ciki sifinsu yana kashe juna.

Abba_Koko
Malama, in wahalar ta kai haka, me nutron zai nuna da furoton bai nuna ba?

MalamaRabi_BK
N(1675). Tun 1966 Moorhouse ya nuna cewa a tsarin kwak foton ba zai iya tayar da shi daga furoton ba, amma daga nutron zai iya. Awo ya nuna haka, a furoton rauni gare shi, a nutron ƙarfi. Ɗan abin da ya rage a furoton ɗin shi ne ake danganta wa gajimaren fayon. In furoton kaɗai ka auna, ba ka da yadda za ka raba wannan.

Usman_Bunza
Ni abin da ban gane ba, ai Fermi da mutanensa a Shikago da fayon suka fara ganin alamar Delta tun 1952. Me ya sa aka kashe kuɗi aka gina na'urar harba ilektiron ta CEBAF a Jefferson Lab da ke Bajiniya, aka ɗaga ta daga GeV 6 zuwa 12, ga MAMI a Mainz da ELSA a Bonn, don a sake ganin abin da aka riga aka sani?

DaktaU_Jega
Saboda fayon yana gaya maka abin yana nan, ilektiron yana gaya maka da me aka yi shi. Da foton na gaske Q² sifiri ne, ba ka da zaɓi. Da ilektiron kana iya riƙe W a 1232 ka riƙa murza Q². Ƙanƙantar abin da kake iya gani kusan 0.197 a raba da Q ne, a femtomita. A Q² na GeV² 1 kana ganin 0.2, furoton kuma rabin faɗinsa 0.84. Kuma ilektiron ba shi da ciki, ba ya jin ƙarfin nukiliya, lissafin yadda yake fitar da foton sananne ne sarai, don haka duk abin da ya ba ka mamaki daga furoton ya fito. Wannan hanyar Hofstadter ya bi a Stanford ya auna girman furoton ya sami Nobel a 1961, ita kuma aka zurfafa a SLAC a 1968 aka ga kwak.

Ga abin da murza Q² ya fitar. A Delta, rabon E2 (tayarwa ta lantarki) da M1 (tayarwa ta maganaɗisu) kusan −2.5 cikin ɗari ne. Da komai ƙwallo ne mulmulalle da sifiri zai zama, don haka akwai ɗan baɗewa daga mulmule. Tsarin kwak uku zalla kuma yana gaza M1 da kusan kashi 30 cikin ɗari a ƙaramin Q², gibin yana raguwa in Q² ya hau. N(1520) a Q² sifiri ta hanyar helisiti (sifin a kan layin bugun) 3/2 ake tayar da shi, Q² na hawa 1/2 ta karɓe. N(1535) yana sauka a hankali fiye da maƙwabtansa, shi ya sa sifar tozo na biyu take canzawa.

Roper ya fi kowanne. Ƙarfin tayar da shi korau ne a Q² sifiri, ya ratsa sifiri kusa da 0.5, ya koma tabbatacce ya yi girma, sannan ya sauka a hankali. Wannan canjin alamar ya yi daidai da furoton mai numfashi, wato kwak uku a mataki na biyu na kumbura da tsukewa, da gajimaren mison, wato dangin fayon, a waje.

Fatima_Kamba
Dakta, a nan ban bi ka gaba ɗaya ba. Canjin alamar ya raunana zancen cewa Roper haɗin kwak da gulon (ƙwayar da ke ɗaure kwak) ne, na yarda. Amma tsohuwar matsalar tana nan: a tsarin kwak mai sauƙi ya kamata ya fi N(1535) nauyi, ga shi ya fi shi sauƙi da kusan MeV 100. Ana cewa gajimaren ne ya jawo shi ƙasa, amma raba "ciki" da "gajimare" ba abin da na'ura take aunawa ba ne, ya danganta da tsarin da mai lissafi ya zaɓa. Akwai masu lissafin da Roper yake fito musu daga mu'amalar mison da nukiliyon (furoton ko nutron) kaɗai ba tare da sun dasa kwak uku a wurin ba.

DaktaU_Jega
Gaskiya ne, rabon ya danganta da tsari. Amma a Q² sama da GeV² 2 gajimare ya kamata ya shuɗe, ƙarfin kuma bai shuɗe ba. Abu mai laushi da faɗi ba ya jure irin wannan bugun.

Usman_Bunza
Wani abin sha'awa a gefe, Delta ɗin nan har sararin sama take aiki. Furoton mai makamashi sama da kusan 5 × 10¹⁹ eV in ya haɗu da foton ɗin tsohon hasken duniya mai kelbin 2.7, W yana kaiwa yankin Delta, ya tofar da fayon ya yi asara. Greisen da Zatsepin da Kuzmin suka faɗi haka a 1966.

Nasiru_Yauri
Haka ne, masu gwajin nutrino ma da bayanan ilektiron suke daidaita lissafin haifar da fayon. Amma mu koma kan Sani. Abin da zai ƙara masa shakka mai amfani shi ne 1232 kansa ba lamba ɗaya tilo ba ce. Wannan na tsarin Breit da Wigner ne, mai daidaita sifar tozo. In ka nemi turken lissafin, wanda ba ya canzawa da hanyar da ka bi, Delta tana kusan 1210, Roper kusan 1370. Ƙungiyoyin da ke warware bayanan, MAID a Mainz, SAID a Jami'ar George Washington, da ta Bonn da Gatchina, a kan Delta bakinsu ɗaya, amma da an haura GeV 1.8 sai a fara saɓani, domin faɗin kowanne ya fi tazarar da ke tsakaninsu. Shi ya sa kundin ƙwayoyi na PDG yake ba su tauraro ɗaya zuwa huɗu.

Sani_Aliero
To ke nan masu tauraro ɗaya ko biyu, zancena na farko yana iya zama gaskiya a kansu?

MalamBello_Gwandu
Yana iya zama. Wasu an taɓa sa su a kundin aka cire. Matsalar ma ta wani gefen ta fi girma: tsarin kwak ya yi hasashen yanayi da yawa fiye da waɗanda aka gani. Koniuk da Isgur a 1980 suka ce ƙila ba sa son ƙofar fayon ɗaya ne, alhali kusan duk tsohon bayani da fayon aka tara shi. Da aka duba ƙofar kayon (wani mison) da lamda (ɗan'uwan nutron da ya fi shi nauyi) a na'urar CLAS ta Jefferson Lab da kuma Bonn, N(1900) ya ƙarfafa har ya kai tauraro huɗu. Lamda tana da amfani na musamman, kusurwar da furoton ɗinta yake fita tana tona sifinta, sai ka sami awon folaraizeshon, wato inda sifin ya fuskanta, kyauta.

Hauwa_Zuru
Sani, gwajin da ilektiron zai yi wa irin waɗannan shi ne wanda Malam Bello ya fara da shi, an ɗaga shi mataki. In rezonans ne na gaske, nauyinsa da faɗinsa da rabon rushewarsa ba za su canza ba ko a wane Q² ka duba, ƙarfin tayar da shi kaɗai zai canza. Kuma ƙarfin da ka ciro daga ƙofar fayon ɗaya dole ya yi daidai da wanda ka ciro daga ƙofar fayon biyu, ko da yake tarkacen da ke ƙarƙashinsu ba iri ɗaya ba ne. Roper da N(1520) sun ci wannan jarrabawa a bayanan CLAS.

Fatima_Kamba
Sun ci jarrabawar cewa suna nan. Ta abin da suke ciki daban ce, N(1535) ma da ke zaune dab da ƙofar eta har yanzu ana jayayya ko nawa ne kwak uku a cikinsa nawa ne kayon da sigma, ɗan'uwan lamda. Dakta, in kana da ƙimar A½ ɗinsa, wato ƙarfin tayar da shi ta helisiti 1/2, a kan nutron sama da Q² na 1, ka sa mana a nan mu kwatanta da ta furoton.